Proxmox, Hyper-V, XCP-ng ko VMware: wanne za ka ɗora kan sabar biro a Yamai?

Tun da kamfanin Broadcom ya gama sayen VMware a Nuwamba 2023, ya kuma daina sayar da lasisin dindindin wata guda bayan haka, tambaya guda ke yawo tsakanin masu riƙon sabar a Yamai, to yanzu me za mu ɗora? Yawancinmu ba wani babban ɗakin injuna gare mu ba. Biro ne na ONG ko kilinik ko lakkol mai zaman kanta ko kamfanin shigo da kaya, akwai inji guda ko biyu, galibi Dell PowerEdge R730 ko HP ProLiant DL380 Gen9 na hannu da anka kawo daga waje, ana so a yanka shi gida huɗu ko biyar, Windows Server guda ga Sage ta kontabul, guda ga fayilolin ma'aikata, Linux guda ga wani aiki daban, kowanne da VM ɗinshi, wato kwamfuta ta manhaja da ke aiki cikin sabar kamar inji mai zaman kanshi. Manhajar da ke yin wannan yankan ita ake kira hipabaiza, kuma zaɓin da ake da shi na gaske huɗu ne: VMware ESXi, Proxmox VE, Hyper-V na Microsoft, da XCP-ng. Duka suna aiki, kada wani ya ce maka ɗaya cikinsu wasan yara ne. Inda sunka rabu shi ne abin da za su ci a aljihun maigida, da abin da za su yi maka ranar da kuran ya ɗauke da tsakar rana cikin Afrilu.

Abin da za mu auna da shi

Na farko kuɗi, kuma ba farashin da ke rubuce kaɗai ba, har da yadda za a biya. Abin da ake biya da Yuro yana da daɗin lissafi wurinmu tunda sefa a ɗaure take da Yuro, kusan sefa 656 ga kowane Yuro guda, abin da ka sa cikin kasafin bana shi za ka iske baɗi in su ba su ƙara ba. Na dalar Amurka kuwa hawa da sauka yake, ga TVA ta kashi 19 in ta hannun mai sayarwa na gida ka bi, ga wahalar tura kuɗi waje wadda duk wanda ya taɓa yi ya san ba aikin wuni guda ba ne.

Na biyu ɗorewa. Nan ne mu da masu rubuta bayanai a Turai ba mu zama ɗaya ba. Su suna auna wanda ya fi gudu, mu kuwa zafi gare mu da ke haura digiri 40 a bazara, ga ƙurar hunturu da ke toshe fankokin inji, ga kuran. Kowa ya tuna Agusta 2023 da Najeriya ta yanke layin wuta, alhali mafi yawan wutar ƙasar daga can take zuwa, ba ta dawo ba sai Maris 2024. A irin wannan hali sabar na iya mutuwa ba shiri sau da yawa cikin sati, kuma abin da ke lalacewa ba hipabaizan ba ne yawanci, diski ne, bayanan da ake cikin rubutawa sa'ad da wutar ta tafi. Shi ya sa zan daɗe kan maganar ajiya.

Na uku sauƙi, wato wa zai riƙe abin in ka tafi Tawa biki sati guda. In sitajiya kaɗai za ka bari, wanda bai saba buga umarni a baƙin allo ba, dole a sa wannan cikin lissafi. Na huɗu haɗari: kamfani ya canza ra'ayi, ɓarayin intanet su kulle maka diski, ko ranar da ake neman kwafin ajiya a iske babu.

Akwai kuma abu guda da ya ratsa duka huɗun, kayan baƙo, ƙananan manhajoji da direbobi da ake girkawa cikin kowace VM don ta riƙa jin maganar injin da ke ɗauke da ita. Mutane na raina su don VM na tashi ko babu su. To amma duba abin da ke faruwa: kuran ya ɗauke, gurup bai tashi ba, ondilar na kuka, saura minti goma a batir. Sabar ta aika wa VM ɗin cewa ki rufe kanki. In kayan baƙo na ciki, Windows zai tsayar da SQL Server, ya zube abin da ke cikin RAM kan diski, ya kwanta lafiya. In babu su, wani lokaci saƙon ya shiga wani lokaci VM ta yi kunnen uwar shegu har batir ya ƙare, gobe da safe kontabul ya buɗe Sage ya ga abin da bai gane ba. Su ne kuma ke tsayar da rubutu na ɗan lokaci sa'ad da ake ɗaukar kwafin ajiya don kwafin ya fito cikakke, su ke daidaita agogo, su ke nuna maka lambar IP ba sai ka shiga ciki ba.

VMware ESXi

A faɗi gaskiya, wajen aiki babu abin da za ka kushe ma ESXi. Ya daɗe, ya nuna, VMFS, tsarin ajiyar fayil ɗinshi, na jure dukan wuta daidai gwargwado, kuma duk wanda ya yi kwas ɗin sabar shekaru goma da sunka wuce da shi ya koya. VMware Tools kuwa su ne mafi sauƙin girkawa cikin Windows, ka latsa, CD ya bayyana cikin VM, ka bi gaba gaba, shi ke nan. A Linux open-vm-tools na cikin ma'ajiyar Debian da Ubuntu da sauransu.

Matsalar kuɗi ce da rashin tabbas. Yanzu abonoma ne ake biya, kuma bisa yawan kor, wato ƙwaƙwalen da ke cikin furosesa, ana ƙirga aƙalla 16 ga kowane furosesa ko da naka 8 gare shi. Sabar mai furosesa biyu ke nan kor 32 za ka biya ko ka so ko ka ƙi. ESXi na kyauta an janye shi a Fabrairu 2024, anka maido shi a Afrilu 2025 da 8.0 Update 3e, to kai ka gina aikin biro kan abin da ake bayarwa yau a karɓe gobe? Kuma na kyautan hannunshi a ɗaure yake, ba ya shiga vCenter, manhajar VMware mai kula da sabar da yawa wuri guda, ƙofar da manhajojin kwafin ajiya irin su Veeam ke bi a rufe take, sai dai ka riƙa ɗaukar kwafi daga cikin kowace VM kamar inji ne na zahiri. Ko TPM, guntun tsaron da Windows 11 ke nema, sai da vCenter ake haɗa shi.

Ga kuma tsarar kaya. ESXi ba ya karɓar kowane ƙarfe, akwai jerin abin da ya yarda da shi, daga ESXi 7 katunan rezo na Realtek da ke cikin kwamfutocin tebur sun fita, kuma ba ya haɗa RAID da kanshi, wato haɗa diski da yawa su yi aiki kamar guda, dole katin RAID na gaske. Katin nan yana da ɗan batir da ke riƙe abin da bai kai ga diski ba in wuta ta tafi, kuma zafin Yamai ba ya barin shi ya tsufa lafiya. Buɗe murfin sabar ta hannu ka duba, sau da yawa za ka ga batirin ya kumbura. In ya mutu katin zai koma rubutu kai tsaye, inji ya yi nauyi kowa na tambaya me ya faru, in kuma wani gwani ya tilasta mishi ci gaba da ajiye rubutu ba batir don a samu gudu, to ɗaukewar wuta guda ta isa.

Wanda ke kan ESXi 6.5 ko 6.7 ko 7 har yanzu ya sani cewa tallafinsu ya ƙare, na 7 a Oktoba 2025. A Fabrairu 2023 ne ESXiArgs, ƙwayar cutar masu neman kuɗin fansa, ya kulle dubban sabar, da yawa a Faransa, ta wata ɓaraka da anka fitar da maganinta tun 2021, waɗanda abin ya shafa mizajur ce ba su yi ba kuma sun bar ƙofa buɗe ga intanet.

Proxmox VE

Nan zan fi daɗewa don shi na fi ba mutane shawara, kuma shi ya fi tarkuna ga wanda ya shigo da gaggawa. Kamfanin a Biyana yake ƙasar Ostiriya, tun 2008 suke fitar da shi, Debian ne a ƙasa, KVM ga VM, LXC ga kwantena. Proxmox VE 8 ya fito a 2023, 9 kuma a Agusta 2025 kan Debian 13. Kyauta ne gaba ɗaya ba a ɓoye komai ba, kulasta, wato haɗa sabar da yawa su yi aiki tare, ƙaura da VM tana aiki, kwafin ajiya, duka suna ciki. Abonoma ta tallafi ce da ma'ajiyar mizajur da anka fi gwadawa, ƙaramin mataki Yuro 100 da ɗoriya a shekara ga kowane soket (mazaunin furosesa), wato jika 70 da wani abu. In ba ka biya ba wani ɗan saƙo ne zai riƙa fitowa duk sa'ad da ka shiga, ka latsa OK ka wuce. Ni dai ina ganin biron da ke da hali ya biya, jika 150 a shekara ga inji mai soket biyu bai kai kuɗin gazuwal ɗin gurup ba.

Ana tafiyar da shi ta burauza a ƙofa 8006, akwai Faransanci cikin harsunan allon, kuma kusan duk ƙarfen da Linux ya sani shi ma ya sani, har tsohuwar kwamfutar tebur ta isa a koya a kai.

Ajiya ce ƙarfinshi, kuma nan ake faɗawa rami. Lokacin girkawa zai tambaye ka tsarin da za a shirya diski da shi, ext4 bisa LVM ko ZFS. In sabar na da katin RAID mai lafiyayyen batir, bar katin ya yi aikinshi ka ɗauki LVM-thin, ba laifi. In kana son ZFS, kuma dalilin so yana da ƙarfi, to katin RAID ya kauce, a maida shi HBA, mai miƙa diski kai tsaye ba tare da haɗa su ba, ko a canza shi, don ZFS na son ganin diski ɗaya ɗaya da idonshi. Abin da ya sa nake son ZFS ga ƙasarmu shi ne ba ya rubutu bisa tsohon bayani, sai ya rubuta sabon a wani wuri ya tabbata ya zauna sannan ya juya alama, saboda haka in wuta ta yanke tsakiyar aiki tsarin fayil ɗin bai karyewa, abin ƴan daƙiƙun ƙarshe kawai ka iya rasawa. Yana kuma lissafin kowane guntun bayani, in diski ya fara ruɓewa a ɓoye zai gane ya gyara daga ɗan uwanshi. Ga VM a yi madubi, diski biyu biyu masu ɗauke da bayani iri guda, ya fi RAIDZ gudu da sauƙin faɗaɗawa. Amma ZFS na cin RAM, tsofaffin girki suna iya ɗaukar har rabin abin da ke cikin inji, sai daga 8.1 anka rage sabon girki zuwa kashi 10 kuma bai wuce giga 16 ba. Kuma kada ka sayo SSD mai arha na kwamfutar hannu ka sa a ƙarƙashinshi, zai cinye shi da rubutu, kuma irinsu ba su da kariyar yankewar wuta. SSD na sabar ko da na hannu ne ya fi.

Tarko na biyu, diski siriri. Kana da tera guda ka rarraba wa VM tera biyu don ba su cika ba tukuna, wata rana wani ya zuba bidiyon taro cikin fayilolin ma'aikata, wurin ya cika maƙil, sai ka ga alamar rawaya a gefen VM ɗin an rubuta io-error, duka sun tsaya cak. Wannan ba Proxmox kaɗai ba ne, duka huɗun haka suke, sa ido in ya kai kashi 80.

Kayan baƙo nan sai ka yi ɗan aiki. Windows bai zo da direbobin VirtIO ba, saboda haka in ka zaɓi diski VirtIO SCSI, wanda shi ya fi gudu, mai girka Windows zai kai wurin zaɓen diski ya nuna maka fili fari fat, babu diski ko guda. Kada ka firgita. Ka haɗa ISO na virtio-win a matsayin CD na biyu tun farko, ka latsa wurin ɗauko direba, ka shiga vioscsi, diskin zai fito. Bayan an gama ka girka sauran direbobin da qemu-guest-agent daga wannan CD ɗin, sannan, abin da mutane ke mantawa, ka je Options na VM ɗin ka kunna QEMU Guest Agent, ka kashe VM gaba ɗaya ka sake tada ta. In ka ga lambar IP ta bayyana a Summary to sun gaisa. ISO ɗin nan ajiye shi kan kile, ranar da kake bukatarshi ita ce ranar da rezo zai yi nauyi.

Kwafin ajiya na cikin gida, ka sa lokaci ya yi da dare. Proxmox Backup Server da ya fito a 2020, shi ma kyauta, abin da ya canza kawai yake ɗauka kuma ba ya maimaita abin da yake da shi, wata tsohuwar kwamfuta mai manyan diski a wani ɗaki daban ta isa. Veeam ma ya fara karɓar Proxmox a 2024. Ga ondilar kuwa tunda Debian ne, ka girka NUT ko apcupsd, manhajojin da ke sauraron ondilar, ka haɗa igiyar USB, in batir ya yi ƙasa inji ya rufe VM ɗaya bayan ɗaya bisa jerin da ka tsara sannan ya kashe kanshi.

Haɗarinshi: ranar da abu ya ɓaci da gaske sai baƙin allo, wanda bai san Linux ba zai tsaya kallo. Kuma kada ka haɗa sabar biyu kulasta ka ce ka gama, in guda ta mutu ɗayar ba ta da rinjayen ƙuri'a, ba za ta bari ka tada VM ba. Sai uku, ko biyu da ƙaramin inji na uku mai ƙuri'a da ake kira QDevice. Ceph kuwa, ajiyar da ake rarrabawa kan sabar da yawa, bar shi ga masu injuna uku zuwa sama da rezo mai giga 10.

Hyper-V

Ana mantawa da shi alhali biro da yawa sun riga sun biya kuɗinshi ba su sani ba, yana cikin Windows Server tun 2008. Lissafin lasisin ne ya kamata a gane. Standard guda, mai rufe kor 16, na ba ka damar VM biyu na Windows Server muddin injin ƙasa, wanda ke ɗauke da VM ɗin, Hyper-V kawai yake yi. Kana son huɗu, ka sake sayen wani Standard ɗin. Datacenter ba iyaka. Farashin Microsoft na Standard ya haura dalar Amurka 1000, na Datacenter ya haura 6000, wato muna maganar miliyan 3 zuwa 4 na sefa, ban da CAL, lasisin masu amfani. VM na Linux ba sa cin lasisi. Kuma a lura, wannan kuɗin Windows ɗin yana kanka ko Proxmox ka ɗora ko XCP-ng, in dai Windows Server ne cikin VM, saboda haka ga biron da duk aikinshi Windows ne Hyper-V bai ƙara maka ko dala ba. Hyper-V Server na kyauta ya tsaya a 2019, gyaran tsaronshi zai ƙare Janairu 2029, ban ga dalilin fara sabon aiki a kai ba.

Wajen sauƙi shi ne gaba ga ƴan informatik ɗinmu, allon Windows ne da kowa ya sani, da Faransanci. Kayan baƙo, Integration Services, suna cikin Windows tun asali kuma ta Windows Update suke sabuntuwa, Linux ma direbobin na cikin kernel, ƙaramin kunshi ne kawai za ka ƙara. Ba CD na biyu, ba neman direba. Ondilar ta USB Windows na ganinta kamar batirin kwamfutar hannu, ga PowerChute in APC ce, kuma kowace VM akwai wurin zaɓen abin da za ta yi in inji zai mutu, ka sa ta rufe kanta.

Ajiya fayil ne VHDX bisa NTFS ko ReFS, yana kaiwa tera 64, kuma an gina shi da littafin rubutu na ciki don rage lalacewa in wuta ta yanke. Akwai Hyper-V Replica tun 2012, sabar guda na tura kwafin VM ga ta biyu kowane ƴan mintuna ba tare da ajiyar tarayya ba, wannan abu ne mai kyau ƙwarai ga mai injuna biyu a gine-gine daban.

Inda nake jin tsoronshi ɗabi'armu ce. Tunda Windows ne mai allo, sai ka iske an buɗe burauza a kan sabar, an sa kile, an girka manhajar firinta, wani ma ya maida shi wurin ajiye fayil. Sannan in lasisin fashi ne aka sa, ba mizajur, kuma injin ƙasa na cikin domen guda da kowa da kalmar sirri guda, ɓarawon da ya shiga kwamfutar sakatare ya kai ga VHDX duka. Mizajur na wata wata kuma na neman a sake tada inji, sai ka tsara shi Asabar. Cekpoyin ɗinshi ma, wato hoton halin VM da ake ɗauka don a iya komawa baya, in ka ga fayil AVHDX kada ka share da hannu, daga Hyper-V Manager ake goge shi ya haɗe da uwar.

Tunda mun zo nan, cekpoyin, wanda sauran ke kira sinapshot, ba kwafin ajiya ba ne a kowane ɗaya cikin huɗun. Kan diski guda suke da VM ɗin, kamar ka raba kuɗinka aljihu biyu na riga guda. VMware da kanshi cewa ya yi kada a bar shi ya wuce awa 72.

XCP-ng

Shi ne ba a cika sani ba a nan. Ya fito a 2018 daga XenServer na Citrix, kamfanin Vates na Grenoble a Faransa ke riƙe da shi, Xen ne a ƙasa. Kyauta ne, tallafi ake biya da Yuro, kuma mutane ne da za ka iya rubuta ma da Faransanci. Tsarinshi ya yi kama da na VMware, inji na ƙasa ba a taɓa shi, sai Xen Orchestra ya zauna matsayin vCenter yana kula da injuna da yawa, da kwafin ajiya mai ɗaukar canji kawai, da tura kwafi wani wuri, da jawo VM kai tsaye daga ESXi. Wanda ya saba da vSphere na VMware zai ji kamar gida. Sai dai Xen Orchestra da aka shirya aka gama, cikakkun ayyukanshi na kuɗi ne, in kana son duka kyauta sai ka harhaɗa shi da kanka daga tushe, kuma kai za ka riƙa kula da shi.

Wajen ajiya ka kula tun ranar girkawa. In ka bar LVM, diski mai kauri ne, kowace VM ta kama wurinta duka kuma sinapshot na cin fili sosai, ga ƙaramar sabar zaɓi ext. Tsarin VHD da ya daɗe da shi na tsayawa tera 2 ga diski guda, mai babban rumbun fayil ya duba wannan kafin ya fara. Yana iya haɗa madubin diski biyu da kanshi wajen girkawa. 8.3 da ya fito a Oktoba 2024 ya kawo TPM, Windows 11 na hawa. Kayan baƙo a Linux sauƙi ne, a Windows direbobin PV ne, yi sinapshot kafin ka taɓa su kuma kada ka cakuɗa na XenServer da na XCP-ng cikin VM guda. Babban rauninshi a wurinmu mutane ne, in ka maƙale da dare wanda za ka kira a Yamai ya san shi ba su da yawa.

| | VMware ESXi | Proxmox VE | Hyper-V | XCP-ng |
|---|---|---|---|---|
| Kuɗi | abonoma bisa kor, mai tsada | kyauta, tallafi bisa soket da Yuro | cikin lasisin Windows Server | kyauta, tallafi da Yuro |
| Ƙarfe | sai wanda ya yarda da shi | kusan kowane | duk mai direban Windows | mafi yawan sabar |
| Ajiya | VMFS, dole katin RAID | ZFS, LVM-thin, Ceph | VHDX bisa NTFS ko ReFS | LVM ko ext |
| Kayan baƙo | VMware Tools, sauƙi | VirtIO da agent, ɗan aiki | suna ciki tun asali | direbobin PV, a kula |
| Kwafin ajiya | sai manhaja daban | yana ciki | Replica, ko Veeam | Xen Orchestra |
| Haɗari | farashi da canjin ra'ayi | rashin sanin Linux | sakaci da ƙwayar cuta | ƙarancin masana a gida |

To wa zai ɗauki wanne

Biro ƙarami, sabar guda, VM biyu na Windows, lasisi na halal a hannu, mai kula da shi Windows ya sani: Hyper-V, kada ka wahalar da kanka. Ƙara Veeam Community Edition, kyauta ne har injuna 10, kwafin ya tafi kan diski da ba ya zama a haɗe kullum.

ONG, lakkol, kilinik ko kamfani mai cakuɗen Linux da Windows, VM biyar zuwa sama, kuɗi kaɗan, ƙarfe na hannu, kuma akwai mutum guda aƙalla da baƙin allo ba ya ba shi tsoro: Proxmox da ZFS madubi, da Proxmox Backup Server a wani ɗaki. Reshen da ke Tawa ko wani gari inda ba mai kula kullum, shi ma wannan zan kai, don ana iya tafiyar da shi daga nesa ta VPN kuma ya fi jure mutuwar ba zata.

Ma'aikata mai injuna uku zuwa sama da ta saba da vCenter, tana son fita daga VMware amma tana son kwangilar tallafi da wanda za a kira: a gwada XCP-ng da Proxmox gefe da gefe wata guda, Proxmox ma yana da mai jawo VM daga ESXi tun 8.2 a Afrilu 2024. Kafin ƙaura a cire VMware Tools daga cikin Windows, a rubuta lambobin IP a takarda don katin rezo zai canza su ɓace.

Banki, kamfanin sadarwa, ko duk wanda mai manhajarshi ya rubuta cikin kwangila cewa sai VMware: ya zauna, ya biya, ya yi mizajur, ya rufe allon gudanarwa daga intanet.

Duk wanda ka ɗauka, kafin ka ce ma maigida an gama, zaɓi ranar Asabar ka zare filogin ondilar daga bango ka tsaya ka ga VM ɗin sun rufe kansu kafin batir ya ƙare, sannan ka maido VM guda daga kwafin ajiya ka kira kontabul ya buɗe Sage a ciki ya duba lissafin jiya.